Addi Ba: sojan Afirka da Faransa ta yi shekara 60 kafin ta ba shi lambar yabo

Ranar 18 ga watan Disamba na 1943, sojojin Jamus suka harbe wani matashi ɗan ƙasar Gine a garin Epinal da ke gabashin Faransa. Sunansa Mamadu Addi Ba. Sai a watan Yuli na 2003 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar yabo ta ƴan gwagwarmayar ƙwato ƙasa, wato shekara 60 bayan mutuwarsa.

Bafulatani ne daga yankin Futa Jalon. Ya isa Faransa yana saurayi, ya zauna a garin Langeais, kamar dai yadda samarinmu ke tafiya neman na kansu a yau. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, ya shiga soja, aka sa shi a runduna ta 12 ta sojojin da Faransawa ke kira "tirailleurs sénégalais". Sunan yana ruɗar mutane: ba ƴan Senegal kaɗai ba ne, har da ƴan Mali, Gine, Barkina Faso ta yanzu da mu nan Nijar.

A 1940 rundunarsa ta gwabza da Jamusawa a yankin Ardennes da bakin kogin Meuse. Faransa ta sha kashi, aka kama shi aka tsare a Neufchâteau. Ya sulale da wasu abokansa suka faɗa dazuzzukan Vosges. Daga baya ya samu mafaka a ƙauyen Tollaincourt.

Nan ne abin ya fi ban mamaki. Baƙar fata a ƙauyen Turawa, a ƙasar da ƴan Nazi suka mamaye, ba shi da inda zai ɓuya a cikin jama'a. Duk wanda ya gan shi sau ɗaya ya gane shi. Duk da haka bai kwanta ba. A 1943, shi da wani Bafaranshe mai suna Marcel Arburger suka kafa sansanin ƴan tawayen sa-kai na farko a Vosges, mai suna Délivrance, inda suke ɓoye samarin da suka ƙi zuwa aikin tilas a Jamus. Jamusawa suka laƙaba masa "baƙin ɗan ta'adda". Da suka kama shi, sun gana masa azaba don ya tona abokansa, bai buɗe baki ba. Tare da Arburger aka harbe shi.

Bayan yaƙi sai shiru. Mutanen ƙauyukan da suka san shi ba su manta ba, amma hukuma ta manta. Ba shi kaɗai ba ne: daga 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka, suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Faransawa ba, kuma sai a 2011 aka daidaita shi gaba ɗaya. A lokacin, akasarin mazan jiya sun riga mu gidan gaskiya.

Marubucin nan ɗan Gine, Tierno Monénembo, ya fitar da littafi a kan rayuwarsa a 2012, aka kuma yi fim mai suna Nos patriotes a 2017. Yau akwai tituna masu ɗauke da sunan Addi Ba a Langeais da Tollaincourt.