Ɓarna daga cikin gida: yadda ake ceton tsofaffin kwamfutoci

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, kuma masu farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci a Turai da Amurka sun ga gaskiyar wannan magana da idonsu. Mutum yakan ajiye na'urarsa cikin kwalinta, nesa da ruwa da ƙura, ya shekara talatin bai taɓa ta ba; ranar da ya buɗe ta sai ya tarar ta lalace, alhali ba wanda ya kusance ta. Mai ɓarnar yana cikinta tun ranar da ta fito daga masana'anta.

Misali mafi shahara shi ne Amiga 2000, wadda kamfanin Commodore ya fitar a shekarar 1987. A kan babban allonta, wato faifan da aka shimfiɗa wa siraran hanyoyin jan ƙarfe domin wuta ta bi, an liƙa wani ƙaramin batir mai ƙarfin volt 3,6. Aikinsa ɗaya ne: riƙe kwanan wata da lokaci idan an kashe na'urar. To amma cikinsa akwai wani ruwa mai kaifi, ɗan'uwan ruwan tokar da mata ke haɗa sabulun salo da shi. Da batirin ya tsufa sai ruwan ya riƙa tsattsafowa, yana bin hanyoyin jan ƙarfe yana cinye su, yana barin wata tsatsa mai launin kore. Abin takaici, batirin yana zaune ne dab da ƙwaƙwalwar na'urar, Motorola 68000, saboda haka mazauninta na cikin abin da ke fara lalacewa.

Asarar ba ƙarama ba ce. Commodore ya durƙushe a 1994, kuma ƙananan ƙwaƙwalen da suka bambanta Amiga da sauran na'urori, irin su Agnus da Denise da Paula masu kula da hoto da sauti, an daina ƙera na asalinsu. Duk allon da ya mutu ya rage adadin waɗanda suka saura a duniya.

Shi ya sa dokar farko ga mai gyara ita ce kada ya kunna na'urar don ɗoki. Sai ya buɗe ta, ya yanke ƙafafun batirin, ya fitar da shi. Bayan haka yakan ɗiga binegar a wurin da ya yi kore, domin tsami ne ke kashe kaifin wancan ruwa. Sau da yawa har kumfa wurin kan yi. Yakan goge a hankali da burushin haƙori mai taushi. Amma shi ma binegar yana cin ƙarfe idan ya daɗe, don haka dole a ɗauraye shi da tataccen ruwa marar gishiri, a bi da alkol mai ƙarfi, wanda ake kira isopropil, domin ya kori laima. Daga nan sai haƙuri: a bar allon ya bushe sarai, kwana ɗaya ko biyu, domin ɗigon ruwa guda da ya ɓuya ƙarƙashin wata ƙwaƙwalwa ya isa ya janyo sabuwar ɓarna.

Wanki kan tona abin da tsatsa ta rufe. Da na'urar awon wuta, irin ta masu gyaran rediyo, mai gyara zai bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda suka yanke. Inda ya samu yankewa sai ya kankare fentin da ke kan jan ƙarfen, ya ɗauko waya siririya kamar gashi, ya liƙa ta da dalma ta zama gada. Mazaunin ƙwaƙwalwar da ya yi tsatsa kuwa ba a lallaɓa shi, cire shi ake yi a sa sabo. Wahala ta fi yawa a allunan da ke da hanyoyi binne a tsakiyarsu, domin can ido ba ya gani, burushi kuma ba ya kaiwa.

Batir yana da abokan ɓarna. Macintosh SE/30 na kamfanin Apple, wanda ya fito a 1989, ya yi suna da cutar kondansata, wato ƴan ƙananan gwangwanaye masu tara wuta su sake ta. Su ma suna da ruwa a ciki, kuma da shekaru suka tafi sai ya zubo. Alamar farko ita ce sauti ya raunana, daga baya hoto ya koma zane-zane. Idan ƙarfen liƙi mai zafi ya taɓa wurin, sai a ji ƙarni kamar na kifi. Maganin shi ne a cire su duka, a wanke allon, a sa sababbi, tare da kiyaye ɓangaren da kowace ƙafa ke fuskanta, domin wanda aka juya baibai yana iya fashewa. A nan akwai haɗari ga rai: kwalbar hoton wannan na'ura tana iya riƙe wuta ta dubban volt ko bayan an zare ta daga bango, kuma sai wanda ya san yadda ake sauke ta ya kamata ya sa hannu.

Zafi yana gaggauta wannan ciwo. Masana lantarki na lissafa cewa ƙarin digiri 10 yana rage rabin rayuwar kondansata, ke nan na'urar da ke ajiye a ɗakin kwano a Damagaram ko Tawa ta fi tsufa da sauri bisa wadda ke ƙasar sanyi. Saboda haka, mai karatu, duk wanda ke da irin wannan na'ura, ko a gida ko a ma'ajin ofis, kada ya jira ranar da zai samu mai gyara. Cire batirin aikin minti goma ne, gyaran abin da ya ɓata kuwa yana iya cin makonni, wani lokaci ma ba ya yiwuwa.