Hutun Hunturu da Haƙƙin Zumunci a Ƙetaren Kogin Kaduna

 

Idan kaka ta wuce, dawa ta shiga rumbu, iska ta juyo da ƙura da hazo, to, hunturu ya kama. A tsakiyar watan Disamba makarantun boko su kan rufe, ba su komawa sai bayan sabuwar shekara. Ma'aikata kuwa suna da hutun ranar 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Wanda ya ke son ya ga abin da wannan hutu ya ke yi wa gari, sai ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya tsaya a tashar mota ta unguwar Television tun da asuba, sa'ad da 'yan kamasho ke jin ɗumi a bakin wutar mai shayi. Zai ga buhunan shinkafa da galan na man gyaɗa da turamen atamfa da kaji a kwando, ga yara an naɗe su da rigunan sanyi, kowa yana cewa gida za shi.

Malamai da fatake sun san tafiyar hunturu tun ba yau ba, gama Suratu Ƙuraishin ta ambaci tafiya biyu da mutanen Makka su kan yi, ta hunturu zuwa Yaman, ta bazara zuwa Sham. Har a ƙasar Hausa, da zarar an gama girbi almajiri ya kan ɗauki allonsa da buzunsa ya bi malaminsa ci-rani, falke kuma ya ɗaura wa jakai mangala. Bambancin kawai shi ne, waɗancan gida su ke bari, waɗannan na tashar Television gida su ke komawa.

Dalilin da ya sa kudancin kogin ya cika da masu gida biyu yana cikin tarihin garin. A shekarar 1917 Turawa suka taso da mazaunin mulkin Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. A kudancin kogin ne hanyar jirgin ƙasa ta Ikko zuwa Kano ta gamu da wadda ta fito daga Fatakwal ta Inugu da Kafanchan, wadda aka gama a 1927. Sa'an nan a 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙa ta farko a Kakuri, waɗansu masaƙun suka biyo baya. Kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Neman abinci ya tara Bajju da Atyap da Ham da Adara da mutanen Kagoro, da Tibi da Ibo da Yarabawa, da Hausawan Zazzau da Katsina da Kano. Suka zauna a gidajen haya na Kakuri da Makera da Nasarawa, ɗaki na jikin ɗaki, rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ranar Salla nama ya kan shiga kowane ɗaki, ranar Kirsimati shinkafa ta zaga hakanan. Inda kuwa aka yi irin wannan zama, aure ba ya rasa shiga tsakani. Saboda haka akwai gidaje da yawa a Kaduna inda ɗa ya ke Musulmi kawunsa Kirista, ko kaka tana zuwa majami'a jikanta yana hadda.

Sai fitina ta zo. A watan Fabrairu na shekarar 2000, da kuma watan Mayu, aka yi tarzoma a kan zancen shari'a, rayuka masu yawa suka salwanta ta kowane ɓangare. A Nuwamba 2002 aka sake. Tsoro ya sa aka yi ta musayar gidaje. Galibin Musulmi suka koma arewacin kogi, wajen Tudun Wada da Rigasa da Kawo, galibin Kirista suka tattaru a Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi, ko da ya ke Kakuri da Makera da Barnawa ba su rasa cakuɗa ba. A 2002 masaƙar farko ta rufe, a 2007 babbar masaƙar UNTL ta bi ta, watau wurin da ya kan haɗa mutane kullum safiya shi ma ya tafi. Kogin da a da a ke ƙetarewa ba tare da an lura ba ya zama kamar iyakar ƙasa biyu.

A ɗauki misalin wani mai sayar da yadi, irinsa suna da yawa. Ubansa Bazazzagi ne, ya zo aikin masaƙa, ya auri 'yar wajen Zonkwa, ta musulunta. An haife shi a Kakuri, a bayan ƙanwar uwarsa ya yi wayo, kawunsa ne ya saya masa takalmi na farko. Bayan fitina ya kwashe iyalinsa zuwa Rigasa. Kawu yana Sabon Tasha, tafiyar da ba ta wuce kuɗin mota biyu ba, amma shekara ta bi shekara sai dai gaisuwa a waya. Uwa ta rasu, wayar ma ta yi nisa. 'Ya'yansa suka taso ba su san sunan ƙauyen kakarsu ba.

Da hunturun wata shekara kawu ya aiko da ɗansa har shago, ya ce a gaya masa tsufa ya zo, za shi gida wannan hutu, bai sani ba ko zai sake zuwa da ƙafarsa. Mai yadi ya kwana yana juyayi. Da gari ya waye ya yanki shadda yadi biyar da turmin atamfa biyu, ya ɗauki babban ɗansa, suka ƙetare gada. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, na yi laifi." Tsoho ya ce, "Tashi, ɗan 'yar'uwata. Wanda ya zo bai yi laifi ba." Suka shiga mota ɗaya, suka bi ta Kujama da Kasuwan Magani da Kufana da Idon, suka sha ruwa a Kachia, la'asar ta yi musu a Zonkwa.

A ƙauye aka share musu ɗaki, aka kawo buta da tabarma, aka nuna musu gabas. Da za a yanka akuya, mai yadi aka miƙa wa wuƙa, don kowa ya ci ba shakka, kuma wannan tsohuwar al'ada ce a wuraren da a ke zaman tare. Tukunyar burkutu aka kai ta bayan gida. Da safiyar bikinsu mutanen gida suka tafi majami'a, shi da ɗansa suka zauna suna tilawa. Da suka komo aka ci tuwon acca tare, tsofaffi suka kama hannun yaron suna nuna masa gonar da kakarsa ta yi noma tana budurwa. Ba wanda ya ce wa wani ya bar addininsa. Da za su komo aka cika musu buhu da doya da citta da acca, tsarabar da a ke ba ɗan gida.

To, ina hukuncin wannan? Masu karatun wannan fili sun fi kowa sani. Malamai sun yi gargaɗi a kan shiga ibadar da ba ta Musulunci ba, wannan a sarari ya ke. Amma ibada daban, zumunci daban. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda a ke karantawa a kowane zaure, ta lissafa kyautata wa iyaye cikin farillai ko da ba Musulmi ba ne, sai dai ba a yi musu biyayya cikin saɓo. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar alheri da adalci ga wanda bai yaƙi mutum saboda addini ba, bai fitar da shi daga gidansa ba. Kuma sananne ne cewa uwar Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta zo mata Madina alhali ba ta musulunta ba, Manzo, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umurce ta da sada zumuncinta. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zuwa ranar biki ba, hutun yana da tsawo, ya tafi kwana biyu kafin ko bayan. Abin da ba shi da uzuri shi ne yankewa.

Ga fatake kuma akwai nasu rabo. Wannan lokaci ne na ciniki, shinkafa da kaji da tufafin yara su kan yi kasuwa, kuɗin mota ya kan hau. Riba halal ce, amma tauye mudu da ɓoye kaya don matafiyi ya matsu ba su da albarka. Mai mota ya tuna hazo yana rufe ido, gaggawar yin sawu biyu ta sha mai da gidan biki gidan makoki. Hanya kuma ba ta rasa miyagu. Harin da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 bai fita daga zukata ba, hanyar Kachia ma ta sha ganin masu satar mutane. Hankali shi ne a tashi da sassafe, a sauka kafin magariba, a tambayi labarin hanya wurin direbobin da suka fito daga can. A ɗaure raƙumi, sa'an nan a yi tawakkali.

Akwai abin lura cikin lissafin watanni. Shekarar Hijira tana gaza ta Turawa da wajen kwana 11, saboda haka Salla tana zagaya damina da rani da hunturu cikin shekara 33. A shekarar 2000 ɗin nan ta fitina, Ƙaramar Salla ta faɗo kwana biyu ko uku bayan Kirsimati. A 2015 hutun Mauludi ya kama 24 ga Disamba, washegari Kirsimati. Bisa lissafi, a ƙarshen Disamba 2033 Ƙaramar Salla za ta sake kusantar ranar, in Allah ya kai rai. Ran nan motocin Kawo da na Television za su cika lokaci ɗaya. Yaran da za su shiga su, yau suna gaban allo ko suna aji. Wanda aka ƙetare gada da shi yana ƙarami zai san ƙofar da zai yi sallama. Wanda ba a kai ba, zai wuce ɗan kawunsa a kasuwa ya taya kayansa kamar baƙo. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa ya ke, gadar kuwa tana nan.

Allah ya kiyaye matafiya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya, ya zaunar da Kaduna kudu da arewa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.