Yadda Za Ka Haɗa Kejin Ɗaga Ƙarfe A Gida: Awo Uku Kafin Ka Biya Kuɗi

Matasa da yawa a cikin birnin Zariya sun fara ɗaga ƙarfe ne da sanda ɗaya da gwangwani biyu cike da siminti. Wannan yana yi a farko. Amma ranar da nauyi ya ƙaru, ka kwanta a benci kai kaɗai, hannu ya gaza, babu abin da zai tare sandar daga ƙirjinka ko maƙogwaronka. Maganin wannan haɗari shi ne kejin ɗaga ƙarfe, wanda a shafukan sayayya za ka ga an rubuta sunansa Power Rack.

Mene ne wannan keji?

Ginshiƙai huɗu ne na ƙarfe da aka haɗa sama da ƙasa, kowanne da jerin huji. A waɗannan hujin ake maƙala sauran kayan, kamar yadda kake ƙara manhajoji a wayarka. Kuma kamar yadda cajar wata waya ba ta shiga wata, haka kayan wani keji ba sa shiga wani. Nan ne mutane ke asarar kuɗi: a ga kaya a hoto, a yi oda, ya iso ya ƙi shiga.

Awo ukun da za ka rubuta a wayarka

Na farko, kaurin ginshiƙi. Waɗanda aka fi samu su ne inci 2 da 2, inci 2 da 3, sai inci 3 da 3. A kula da wani tarko: wasu kamfanoni da milimita suke aiki. Inci 3 milimita 76.2 ne, amma akwai ginshiƙi mai milimita 75. Ƙugiyar da aka yi wa mai 75 tana iya ƙin shiga mai inci 3, duk da a ido ɗaya suke.

Na biyu, faɗin huji. Yawanci milimita 16 ne ko milimita 25.

Na uku, tazarar da ke tsakanin huji da huji, daga tsakiya zuwa tsakiya. An fi yin santimita 5. Wasu kejin kan matse ta zuwa santimita 2.5 a daidai wurin benci, domin a iya saita tsayin da kyau.

Kafin ka yi oda a Jiji, Jumia ko AliExpress, ka ce mai kaya ya turo maka waɗannan lambobi, ko hoton tef ɗin awo a jikin kayan. Kai ma da tef za ka auna naka. Manhajar awo ta kyamara tana iya ba ka girman ɗaki, amma ba ta kama bambancin milimita ɗaya.

Auna ɗakin, auna lungun

Sandar gasa ta maza tsawonta mita 2.2 ne, nauyinta kilo 20. Ƙara rabin mita kowane gefe don saka faranti, ka ga kana buƙatar fili mai faɗin mita 3 da ɗoriya. Tsayin cikakken keji yakan kai mita 2.3, kuma kanka zai wuce samansa idan kana jan jiki.

Gidajen cikin ganuwa suna da nasu sharaɗin. A ɗakin ƙasa mai rufin baka, tsakiya ta fi gefe tsayi, don haka ka auna daidai inda kejin zai tsaya. Sannan duk wanda ya san lungunan Kwarbai ko Unguwar Juma, da yadda ake karya kwana daga zaure zuwa cikin gida, ya san kejin da aka yi wa walda gaba ɗaya ba zai shiga ba. A yi shi gunduwa-gunduwa, a ɗaure da noti a ciki.

Kada ka kafa komai a bangon ƙasa, ko ka rataya nauyi a azara. Ba don wannan aikin aka yi su ba. A zuba daɓen siminti mai kauri, a ɗaure ƙafafun kejin a kansa. Ɗora wayarka a kan sandar sama, ka buɗe manhajar duba daidaito, za ta nuna maka ko ya karkace.

Kayan da za ka ƙara, bi da bi

1. Sandunan tsaro. Su ne ke tare ƙarfen idan ka gaza. Don benci, a saita su ƙasa kaɗan da ƙirjinka, amma sama da wuyanka. Don tsuguno, ƙasa kaɗan da inda sandar ke kaiwa idan ka sauka. Gwada da sanda mara faranti tukuna. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, wannan za ka saya.

2. Ƙugiyoyi masu siffar J. A kansu sandar ke hutawa. Nemi masu roba a ciki domin kada su cinye zanen da ke jikin sandar.

3. Sandar jan jiki. Tana sama, tana kuma ƙara wa kejin ƙarfi. Kaurin milimita 32 ya dace da yawancin hannu.

4. Turakun ajiye faranti. Suna gyara wuri, nauyinsu kuma yana danne kejin. A sa su a ginshiƙan baya, daga ƙasa. Duba hujin farantinka: na gasa milimita 50 ne, na gida kusan rabin haka.

5. Hannuwan dif. Suna fitowa waje da kejin, kuma duk nauyinka a kansu yake. Kada ka hau sai kejin yana ɗaure a ƙasa, in ba haka ba zai iya kifowa.

6. Kube mai juyawa. Ɗan bututu ne da ake cusa bakin sanda a ciki, a riƙa ɗaga ɗaya bakin. A shafukan sayayya Landmine ake kiransa. Ba ya cin wuri, kuma yana da sauƙin ƙerawa.

7. Fuli da waya. Ƙaramar taya ce da wayar ƙarfe ke gudu a kai, don jan nauyi daga sama. Ita ce ta ƙarshe, domin ta fi kowanne son kulawa. Wayar da ta fara tsittsinkewa a canja ta nan take.

Marikin waya mai maganaɗisu ma yana da amfani. Manna shi a ginshiƙi, ka ɗauki bidiyon kanka daga gefe, ka ga ko bayanka yana lanƙwashewa.

Idan mai walda za ka ba aikin

Masu walda suna nan a Tudun Wada da Sabon Gari, har da cikin birni, kuma aikin ba ya gagarar su. Sai dai wanda ya saba da ƙofa da taga zai ɗauko fayif marar kauri idan ba ka yi magana ba. Ka gindaya masa waɗannan:

A yi amfani da fayif mai kusurwa huɗu, kaurin ƙarfensa milimita 3. A huda shi da injin huda, kada a ƙona huji da wutar walda, domin ba zai fito daidai ba. A jera ginshiƙan huɗu a yi musu alama tare, don hujin su zo layi ɗaya. Faɗin kejin daga waje kada ya wuce mita 1.25, saboda tsakanin kafaɗun sandar gasa mita 1.31 ne kawai. Sandar tsaro kuwa ta zama curarren ƙarfe a cikin bututu mai kauri, kada a sa guntun rodin gini.

Mafi muhimmanci, ka zaɓi ɗaya daga cikin awon kamfani da muka ambata, ka ce a bi shi. Da haka, duk abin da ka sayo a intanet gobe zai shiga kejin da aka ƙera a Zariya.

Farantin siminti fa?

Yana aiki, amma siminti ya kusan ninka ƙarfe uku a girma idan nauyinsu ɗaya, don haka yana saurin cika sanda. Ka ɗora kowanne a sikeli ka rubuta nauyinsa a jiki, kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya.

Kulawa

Damina tana kawo tsatsa, musamman idan kejin a tsakar gida yake: a shafa jan fentin hana tsatsa kafin fenti na biyu. Hunturu yana cika fuli da ƙura, sai a riƙa gogewa. Duk wata ka bi notuna da sifana. Idan akwai yara a gida, sauke sandar ƙasa bayan ka gama.

Kafin ka shiga ƙarƙashin kowane nauyi a sabon keji, ɗora shi a kan sandunan tsaro kana tsaye a gefe, ka duba ko wani wuri ya lanƙwashe ko walda ta tsage. In ka ga alama, mayar wa mai walda a gyara kafin ka fara.