Abin da Gobara ta Tona a Little Bighorn

Ranar 25 ga Yuni 1876, Laftanar Kanar George Custer ya nufi kogin Little Bighorn a Montana ta Amurka da sojojin doki kusan 210, inda ƙabilun Lakota da Cheyenne suka kafa zango. Ko ɗaya bai dawo ba. Tushen rigimar zinariya ce: yarjejeniyar 1868 da gwamnatin Amurka ta bar wa Lakota duwatsun Black Hills, sai ayarin Custer ɗin nan ya gano zinariya a can a 1874, alkawari ya bi ruwa.

To, yaya suka mutu? Waɗanda suka ci yaƙin suna raye, kuma sun faɗa: sojoji sun ruɗe, faɗan bai daɗe ba. Amurka ta toshe kunne. Ta fi son hoton da kamfanin giya na Anheuser-Busch ya buga a 1896 aka rataya a mashayu, na jarumai a kan tudu suna fafatawa har numfashin ƙarshe. Matar Custer, Elizabeth, ta yi ta kare wannan labari har ta rasu a 1933.

A watan Agusta 1983 gobara ta cinye ciyawar filin yaƙin, ƙasa ta fito fili. Richard Fox, mai binciken kayan tarihi, ya zagaya ya ga kwanson harsashi a warwatse. A 1984 da 1985 shi da abokin aikinsa Douglas Scott da 'yan sa-kai suka bi filin taki-taki da na'urar gano ƙarfe, duk abin da aka tsinta sai an rubuta inda yake.

A nan dabarar take. Ƙusar da ke bugun gindin harsashi tana barin tabo, kuma kowace bindiga da irin nata, kamar zanen yatsa. Da aka duba kwansunan da madubin ƙara girma, sai ya zama ana iya bin sawun bindiga guda daga wannan tudu zuwa wancan.

Abu na farko da ya rushe shi ne zancen cewa kwari da baka kaɗai sojojin suka fuskanta. Mayaƙan Lakota da Cheyenne na da bindigogi iri fiye da arba'in, cikinsu har da Henry da Winchester masu cin harsashi da yawa, alhali Springfield ɗin soja sai an ɗura ɗaya bayan ɗaya. An kuma daɗe ana cewa bindigogin soja ne suka cije. Amma kwansunan da ke da alamar an ɓanɓaro su daga bindiga kaɗan ne ƙwarai.

Sai babbar tambaya, ta inda aka tsaya. A tudun Calhoun kwansunan soja sun kwanta a jere, shaidar sahu da oda. Daga nan zuwa tudun da Custer ya faɗi, jerin ya ɓace. Fox ya karanta wannan da cewa sahu ya karye, tsoro ya shiga, mutane suka cure wuri guda ko suka watse. Har an samu kwansunan bindigar soja a wuraren da mayaƙan suka laɓe, domin sun kwashe makaman matattu sun juya su kan na raye.

Ni abin da ke damuna shi ne, dattawan Lakota da Cheyenne sun faɗi wannan shekara ɗari kafin nan, amma sai da tagullar kwanson harsashi ta yi magana aka yarda. A 1991 majalisar Amurka ta cire sunan Custer daga filin, a 2003 kuma aka buɗe wurin tunawa da mayaƙan da suka mutu suna kare iyalansu.