Wa Zai Koya Wa Yaranmu Naƙasassu Wasan Motsa Jiki?

Jama'a, kowa ya zaga Hindawiyya bayan sallar la'asar, sa'ad da rana ta yi sanyi, ya san abin da zai tarar. Duk inda aka sami ɗan fili tsakanin gidaje, yara sun kafa duwatsu biyu sun mai da shi gidan ƙwallo. Amma in ka duba gefe da kyau, sau da yawa za ka ga wani yaro zaune a kan dakali, sandarsa a jingine, 'yan'uwansa sun tara masa takalmansu yana tsaro. Shi ke nan rabonsa daga wasan. Haka abin yake a Shari'a Mansur, haka yake a zangon Kumasi da Nima ta Ankara, haka yake a Fagge ta Kano. Maganar wannan yaro muka kawo muku yau, ku dattawa da ku 'yan kasuwa, domin a ganinmu abin da ya rasa shi ne malamin da ya san yadda zai sa shi cikin wasan, mu kuwa muna da ikon samar masa.

Mun sani wani zai ce, ana maganar iƙama da kuɗin haya, ku kuma kun zo da zancen wasa? To, a yi mana haƙuri a ji ƙarshen magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige a shekara ta 2022 cewa mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yana da naƙasa mai nauyi, watau wajen mutum miliyan 1,300. Tun 2020 kuma ta ba da shawara yaro mai naƙasa ya sami motsa jiki na minti 60 kowace rana, daidai da ɗan'uwansa lafiyayye. Dalili kuwa a fili yake. Gaɓar da ba a motsa ta takan sandare. Gurgun da ya wuni zaune wuri ɗaya yakan yi ƙiba, bayansa ya yi gyambo, hannuwan da zai tura keke da su su yi rauni. Makahon da aka tsare a ɗaki don tsoron kada ya faɗi, shi ne ya fi kowa faɗuwa ran da ya fita. Mu da muke zaune kusa da Harami mun fi kowa sanin amfanin ƙarfin jiki, gama sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai wajen kilomita uku, ban da ɗawafi.

ABIN DA MAGABATA SUKA YI

Garin nan da muke ciki ya riga kowa nuna hanya. A nan Makka Suratu Abasa ta sauka a kan sha'anin makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladan, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan bar shi ya ja mutanen Madina salla in ya yi tafiya. Amru ɗan Jamuhu gurgu ne, amma ya ƙi zama gida ran Uhudu, can ya yi shahada. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha kuwa baƙin mutum ne kamarmu, yana ɗingishi, hannunsa shanyayye, daga baya ya makance, duk da haka shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Ba a ajiye ko ɗayansu a bakin ƙofa da ƙoƙo ba. Game da wasa kuma, malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi da kansa ya yi tsere da Nana A'isha. Saboda haka ba wani baƙon abu muke kira a kai ba.

YADDA TURAWA SUKA GANO ABIN

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu asibitocin Ingila sun cika da sojojin da harsashi ya taɓa musu laka, ƙafafu suka mutu. A da irin waɗannan ba su daɗewa a duniya, gyambo da ciwon mafitsara ke kashe su. Sai wani likita Bajamushe, Ludwig Guttmann, wanda ke shugabancin sashensu a asibitin Stoke Mandeville, ya tashe su daga gado ya sa su wasa. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olimfik a Landan, ya shirya gasar harbin kibiya ta mutum 16 a kan kekuna. Daga wannan ɗan ƙaramin taro aka kai ga babbar gasar naƙasassu ta Roma a 1960, inda 'yan wasa 400 daga ƙasashe 23 suka hallara. Kurame ma sun riga su, tun 1924 suka yi tasu gasar a Faris. Masu raunin fahimta kuma aka buɗe musu tasu a Shikago ta Amurka a 1968. Abin da likitan nan ya gano shi ne, wasa magani ne, amma kamar kowane magani, sai a hannun wanda ya koya.

A ƙasar nan ta Saudiyya, karatun makafi ya faro ne a 1958, da waɗansu makafi suka riƙa haɗuwa da dare a Riyad suna koyon rubutun nan da ake karantawa da yatsa. A 1960 gwamnati ta buɗe musu makaranta mai suna Ma'ahadun Nur, sa'an nan aka buɗe irinta a Makka da Unaiza da Hufuf. A 1964 aka buɗe wa kurame Ma'ahadul Amal a Riyad. Wasannin kuma suka biyo baya. Saudiyya ta fara zuwa gasar naƙasassu ta duniya a 1996, ta ci zinariyarta ta fari a Bejin a 2008 ta hannun Usama Al-Shanƙiɗi, mai raunin gani, a wasan tsalle uku. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta masu raunin fahimta ta ƙasar nan ta ɗauki kofin duniya sau huɗu a jere, a 2006 da 2010 da 2014 da 2018. Duk wanda ya ci irin wannan nasara, akwai malami a bayansa da ya fara riƙe masa hannu.

Mu ma jininmu ba baƙo ba ne a filin wasa. A gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, 'yan wasan Saudiyya uku suna amsa sunan Hausawi, cikinsu har da shugaban ƙungiyar, Usama Hausawi, haifaffen Makka wanda ya taso a kulob ɗin Al-Wahda. A gida kuma, wani Bakano da shan inna ya kama, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988. 'Yan wasan suna zama a kan katako mai ƙananan tayoyi, suna buga ƙwallo da hannu, ga gudu kamar iska. Irin wasan nan ya kai har Ankara. Ashe gwaninta tana nan cikinmu, koyarwa ce ta yi ƙaranci.

ABIN DA MALAMIN ZAI KOYA

Kada a ɗauka duk wanda ya iya ƙwallo ya iya wannan aiki. Abu na fari da ake koya wa malamin shi ne sanin jiki da cututtukansa, domin kuskure a nan yana iya cin rai. Wanda lakarsa ta yanke, musamman daga sama, jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata, ga shi zafin Makka da bazara yakan wuce ma'auni 40. Tilas a zaɓa masa lokacin sanyi, a riƙa yayyafa masa ruwa. Yaro mai ciwon sikila, wanda ya yi yawa cikin jama'armu, ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna tayar masa da ciwo, sai a ba shi ruwa a kai a kai, a hutar da shi tun bai roƙa ba. Mai farfaɗiya in ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki kamar yadda muka saba, kada kuma a bar shi ya shiga ruwa shi kaɗai. Waɗansu yaran da aka haifa da ciwon da likitoci ke kira Down suna da sakakken ƙashin wuya, ba a sa su alkafura sai likita ya duba.

Na biyu, hanyar magana da kowane yaro. Kurma ba ya jin usur, sai a yi masa da tuta ko fitila, malamin kuma ya koyi maganar hannu, ya tsaya inda yaron zai ga fuskarsa. Makaho ana fara zagaya fili da shi ya taɓa iyakokinsa. In gudu ne, sai a haɗa shi da ɗan jagora, su riƙe 'yar gajeriyar igiya su yi gudu kafaɗa da kafaɗa. Mai raunin fahimta ana gutsura masa aiki kaɗan kaɗan, a nuna masa da jiki, a maimaita, ba tsawa.

Na uku, dabarar juya wasa ya dace da yaro. Abu huɗu malami ke iya sakewa: girman fili, ƙa'idar wasa, kayan wasa, da yawan 'yan wasa. Ga misali. A 1946 waɗansu mutum biyu, ɗaya daga Ostiriya ɗaya daga Jamus, suka ƙago wa sojojin da suka makance wani wasa da ake kira golbol. Filinsa mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi, mutum uku uku ne, ƙwallon mai nauyin kilo ɗaya da kwata tana da ƙararrawa a ciki. Ana mirgina ta a ƙasa, abokan karawa su ji ƙararta su kwanta su tare. Kowa ana ɗaure masa ido, don haka mai gani da makaho sun zama ɗaya. Malamin da ba shi da kuɗin sayen irin ƙwallon nan yana iya naɗe ta gida cikin leda mai ƙara, ya shimfiɗa igiya a ƙasa ya manne ta domin yara su ji layi da tafin hannu. Wannan duka ba ya cin kuɗin buhun shinkafa.

INA AKE KOYONSA

Ga ɗanmu da ke da takardun zama ɗan ƙasa, hanya ba nisa. Jami'ar Ummul Ƙura ta nan Makka, wadda ta faro daga Kwalejin Shari'a ta 1949 ta zama jami'a a 1981, tana koyar da ilmin motsa jiki, tana kuma koyar da tarbiyyar masu buƙata ta musamman. Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad ta daɗe da irin wannan sashe tun cikin shekarun 1980. Tun 2017 kuma aka yarda a koyar da motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata, saboda haka ana bukatar malamai mata. Wannan ya shafe mu ƙwarai, gama yarinya naƙasasshiya ta fi namiji shan kulle, uwarta kuwa ba za ta miƙa ta ga kowa ba sai mace.

Wanda bai sami shiga nan ba, gida yana nan. A Nijeriya akwai Kwalejin Ilmi ta Musamman ta Tarayya a garin Oyo, wadda aka kafa a 1977 domin horar da malaman naƙasassu. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos suna da wannan fanni. A Gana akwai Jami'ar Ilmi ta Winneba. Shawararmu ga ɗalibi ita ce ya haɗa fannin biyu, motsa jiki da tarbiyyar naƙasassu, sa'an nan ya nemi gwajin koyarwa a makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi a Gindiri, wadda take aiki tun 1953. Littafi kaɗai ba ya koya wa mutum yadda ake ɗaga yaro daga keke ba tare da an ji masa ciwo ba.

MAGANAR DA BA MU SON JI

Akwai abin da ke sa mu sunkuyar da kai a garin nan, gara mu faɗa da bakinmu. Lokacin Hajji da azumi akan ga naƙasassu masu jin harshenmu a hanyoyin Harami suna bara, waɗansu ma yara ne da aka ɗauko daga gida musamman don haka. Tun 2021 dokar ƙasar nan ta tanadi ɗaurin da ya kai wata shida, ko tarar da ta kai riyal 50,000, ga mai bara. Wanda ya shirya mabarata kuwa, nasa ya kai shekara ɗaya ko riyal 100,000, baƙo kuma a fitar da shi daga ƙasa. Doka tana iya kore yaro daga bakin titi, amma ba ta iya sa masa yarda da kansa. Yaron da ya taɓa jin jama'a suna kiran sunansa don ya ci ƙwallo, da wuya ya koma ya miƙa musu hannu. Kakanninmu sun taka ƙasa tun daga Sakkwato da Borno, ta Wadai da Darfur har Sawakin, shekara da shekaru, kafin su ga Ka'aba. Ba su sha wannan wahala don jikokinsu su zama abin nuni da yatsa ba.

ABIN DA MUKE ROƘO

Ga dattawa, muna roƙo kowane mai unguwa da limami ya san yawan naƙasassun yaran da ke ƙarƙashinsa, har da waɗanda aka ɓoye a ɗaka don kunya. Ga 'yan kasuwa, ku da kuke ɗaukar nauyin masu karatun Alƙur'ani da masu zuwa aikin Hajji, ku haɗa kai ku ɗauki nauyin saurayi ɗaya da budurwa ɗaya su yi wannan karatu, bisa sharaɗin su dawo su yi wa unguwa aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga malaman makarantunmu na Islamiyya, ku ware sa'a ɗaya a mako, ko da a tsakar gida ne, kowane yaro ya motsa gwargwadon ikonsa, bayan an ji shawarar likita a kan masu ciwo. Ga iyaye kuma, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaɓar yaro ma haka take. In aka bari ya shekara goma sha biyar a zaune, aikin zai ninka.

An tabbatar da kawar da shan inna na daji daga Afirka ran 25 ga Agusta 2020, mun gode Allah. Amma waɗanda ya riga ya kama suna nan tare da mu, ga makafi, ga kurame, ga waɗanda haɗarin mota ya karya. A taron ƙungiya mai zuwa za mu sa wannan magana a gaba, muna fata kowa zai zo da sunan yaron da ya sani, da abin da zai iya bayarwa. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, amin.