Wakilin da Ya Bar wa Masana'anta Sunansa

Akwai wata tsohuwar ma'ana da Ingilishi ya kusa mantawa da ita, wato ta kalmar factor, wadda ɗalibin yau ya fi saninta a darasin lissafi, alhali kuwa ta shafe ƙarnoni tana matsayin sunan mutumin da ke riƙe da amanar dukiyar wani. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin mai aikatawa, kuma tun ƙarni na 15 mutanen Ingila ke kiran wakilin da ke saye da sayarwa a madadin attajiri da wannan suna.

Masana shari'ar ciniki sun raba shi da broker, wato dillali. Shi dillali haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi, ya karɓi la'adarsa ba tare da haja ta kwana a hannunsa ba, amma wannan wakili kacokan ake danƙa masa kaya, ya ajiye a sito, ya sayar da sunansa, har yana da ikon riƙe su idan mai su bai biya shi haƙƙinsa ba. Girman wannan amana ne ya sa majalisar Birtaniya ta yi ta kafa dokoki a kansa, har zuwa ta 1889, wadda ta ba da kariya ga wanda ya sayi kaya daga hannun wakili da zuciya ɗaya, bai san an haramta masa sayarwa ba.

Kalmar ta yi tashe ne da fataucin teku. Kamfanin East India, wanda Sarauniya Elizabeth ta Farko ta ba wa izini a 1600, ya tsara ma'aikatansa hawa-hawa, inda saurayi ke farawa a matsayin magatakarda mai kwafar wasiƙu da lissafi, sai ya yi shekaru kafin a ɗaga shi zuwa factor. Wasiƙa daga Landan takan yi wata da watanni a teku kafin ta isa Indiya, saboda haka wakilin ke yanke farashin barkono da yadi da baba bisa ganinsa, kuma da yawansu sun riƙa haɗa cinikin kamfani da na aljihunsu. Gidan da waɗannan wakilai ke zaune, mai ɗauke da sito da ofis da ɗakunan kwana, shi ake kira factory, kamar wanda aka kafa a Surat a 1613, da York Factory na Kamfanin Hudson's Bay da ke cinikin fatu a arewacin Kanada. Haka ma ake kiran tashoshin Kamfanin Royal Niger da ke bakin kogin Kwara, inda ba a ƙera ko allura, sai auna manja da hauren giwa a musanya su da yadi da gishiri. Da injuna suka mamaye Ingila, ma'anar masana'anta ta danne ta farko, ta yadda a dokar 1833 da ta taƙaita aikin ƙananan yara, masaƙu ake nufi da kalmar.

Wasu sunayen wakilci sun bi irin wannan hanya: attorney a da duk wanda aka naɗa ya tsaya a madadin wani ne kafin ya taƙaitu ga lauya, steward kuwa, wato mai kula da gidan ubangijinsa, daga muƙaminsa ne gidan sarautar Stewart ya samo suna.

A Sukotlan ne kalmar ta fi ɗaukar ɗaci, domin can factor shi ne mai kula da filayen babban mai ƙasa, mai karɓar haya da korar wanda ya gaza. Masu ƙasar sukan yi zamansu a Landan, shi kuwa wakili shi talaka ke gani a ƙofar bukkarsa. A 1814 Patrick Sellar, wakilin gidan Sutherland, ya jagoranci tashin manoman kwarin Strathnaver domin a mayar da gonakinsu makiyayar tumaki, aka rushe gidaje, aka ƙona wasu. An gurfanar da shi a Inverness a 1816 bisa tuhumar haddasa mutuwa da ƙone-ƙone, kotu ta wanke shi, amma jikokin waɗanda aka kora ba su wanke shi ba, kuma abin takaici ne yadda waɗanda suka ba da umarnin ba su taka ƙofar kotu ba. Har yau a Glasgow factor ake kiran mai kula da gidajen bene da jama'a ke zaune tare, kuma wata doka ta 2011 ta wajabta masa yin rajista da bin ƙa'idojin aiki kafin ya karɓi kuɗin mazauna.