Allon Da Ke Gadin Mai Barci A Ɗakin Tiyata

Idan haihuwa ta gardama ga mace a Tafashiya ko wani ƙauye na Kusada, akan garzaya da ita babban asibitin Kankiya, ko a zarce Katsina, domin a yi mata aiki. Galibi allura ake yi mata a gadon baya a kashe zafi, amma idan jini ya ɓalle sai a sa ta barci gaba ɗaya. Wanda ke wannan aiki, likita ne ko nas, yana tsaye ne a wajen kanta, kuma tilas ya auna maganinsa daidai. In ya yi yawa, numfashi ya tsaya, jini ya faɗi. In ya gaza, mutum ya farka ana tsakiyar yanka, wani lokaci ko motsi ba zai iya ba, domin an ba shi maganin da ke sakar da tsoka.

Tun shekarar 1846, lokacin da William Morton ya nuna amfanin sinadarin eta a birnin Boston na Amurka, ido da yatsa ne ma'aunin wannan sana'a: a duba ƙwayar ido da launin leɓe, a taɓa jijiya a ji bugu. A yau, a manyan asibitoci, allo ne ke gaban ma'aikaci, kuma ya kamata ɗalibi ya san cewa lambobin da ke kansa ba asalinsu ɗaya ba.

Idan maganin na shaƙa ne, na'ura tana auna shi kai tsaye a cikin iskar da majiyyaci ke fitarwa. Wannan awo ne na zahiri. Amma maganin da ake ɗurawa ta jijiya, kamar propofol, lissafi ake yi masa. Ana ba kwamfuta shekarun mutum da nauyinsa da tsayinsa, ita kuwa ta ƙiyasta yawan maganin da ya kai ƙwaƙwalwa, ta zana layin da ke nuna inda zai kai nan da mintuna kaɗan. Allo irin SmartPilot View na kamfanin Dräger har yana nuna yadda maganin barci da na kashe zafi ke ƙara wa juna ƙarfi, wanda hakan ke taimaka wa ma'aikaci ya rage ɗaya idan ya ƙara ɗayan, ya kuma san lokacin da zai tsai da magani. Sai dai fa ɗaya daga cikin fitattun hanyoyin lissafin, wadda Thomas Schnider ya wallafa a 1998, an gina ta ne a kan mutum 24 masu ƙoshin lafiya a Amurka. Matar da ta kwana tana naƙuda, ta zubar da jini, jikinta ba zai bi wannan layi sau da ƙafa ba.

Akwai kuma na'urar BIS, wadda ake manna wa goshi ta karanta motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, ta ba da lamba daga 0 zuwa 100. Tsakanin 40 da 60 ake so mai barci ya kasance. Wani bincike na 2004 ya nuna ta rage farkawa ana cikin aiki, amma wani na 2008 ya samu ba ta fi auna iskar magani ba. Abin lura ga asibitocinmu na karkara shi ne ketamin, maganin da aka dogara da shi saboda araharsa da kuma rashin karya jini, yana ruɗa wannan na'ura: mutum ya yi nisa a barci, lamba kuwa ta hau sama.

Allon da ya fi ceton rai a wurare irin namu ƙarami ne, ana maƙala shi a yatsa. Injiniya Takuo Aoyagi na Japan ne ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970: haske ya ratsa yatsa ya nuna yawan iskar oksijin a jini, na'urar ta yi kuka tun kafin leɓe ya sauya launi, abin da ke da wuyar gani a baƙar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin sharuɗɗan tiyata a 2008, amma a 2010 an ƙiyasta ɗakunan tiyata kusan 77,000 a duniya ba su da shi.